Dutsen Sabis

Tela ya iso kan dutsen yana haki, ya ɗaga wayarsa sama. Duk garin nan nasu na kan tudu, nan kaɗai waya ke samun sabis.

Tun safe yake ɓoye a shagon mai aski. Surukarsa ce ta sayi ƙaton gado, mota kuma ba ta hawa garin, komai a ka ake haurowa da shi. Shi ya sa ya ce wa matarsa ya tafi birni sayen zare. Yanzu saura ya ƙara wa ƙaryar gishiri.

Ya kira matarsa, bugu ɗaya ta ɗauka.

"Uwargida, kina ji na? Birnin nan cunkoso ba a magana! Ki ba Mama haƙuri, na so a ce da ni aka ɗauki gadon nan."

"Allah sarki, maigida. Muryarka kuwa tar, har biyu-biyu nake jin ta."

Sai a lokacin ya farga. Ita a ina ta samu sabis?

Surukarsa ta leƙo daga bayan dutsen.

"Sannu da hanya, ɗan albarka. Gadon na gindin tudu, mun ajiye maka kayanka."