Takalmin da Ke Cikin Kwali

Da lokacin canjin takalmi ya yi, aka miƙa wa wani tsoho kwali. A birnin Monterrey, ranar da yarinya ta cika shekara sha biyar, uba ne ke durƙusawa ya cire mata takalmin yarinta, ya sa mata mai tsini, sannan su buɗe fili da rawa. Uban jikarsa ya rasu, sai abin ya faɗo kansa, shi kaka.

Surukarsa ta raɗa masa, "Baba, don Allah a bi a hankali. Nan arewa shawagi ake yi a rawa, ba a dukan ƙasa irin naku na Veracruz."

"Na ji, 'yata. Ai kun koya mini tafiyar agwagwa."

Ya yi dariya, amma zuciyarsa tana garinsu na bakin kogi, inda ya fara ganin matarsa a kan dandamalin katako, tana mayar wa jita amsa da dunduniya. Tun da aka binne ta bai ƙara taka rawa ba.

Ya durƙusa da ƙyar, ya buɗe kwalin. Ba sabon takalmin da aka sayo ba ne a ciki. Tsohon takalmin rawar matarsa ne, baƙi, ƙusoshin dunduniyarsa sun sha katako har suna sheƙi.

Jikar ta miƙo ƙafa. "Tsoho, yi sauri mana, ko in nemi wani saurayin?"

Ya sa mata. Ta miƙe, ta buga dunduniya a ƙasa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin ya share hawaye, ƙafarsa ta riga ta amsa.