Marigayi Mai Ɗaukar Bidiyo

"Mama, yaushe Baba ya rasu?" Munira ta tambaye ni, alhali babanta Ya'u yana zaune yana cin doya.

Nan take ya ƙware. Na fizge wayarsa, sai ga 'ya'yana biyu a TikTok cikin tsummokara, an rubuta: "Marayun Onitsha, a taimaka." Muryar mai ɗauka ta mijina ce, wai shi ƙanin mamaci.

"Haba Zuliha, wasa ne fa," in ji shi. "Nawa dako yake kawowa a kasuwar Main Market? Mutuwar nan ce ke biyan haya."

Na yi faɗa, na yi kuka, na ce ba za a mayar min da yara mabarata ba. Ya ƙi goge bidiyon.

Ranar Juma'a sai ga wani Alhaji mai canji da buhun shinkafa da goro. Ya'u ya tarbe shi baki har kunne.

"Kai ne ƙanin mamacin? Madalla. In uwar marayun ta gama takaba, aurenta nake nema a wajenka."

Kafin Alhaji ya kai bakin titi, Ya'u ya goge shafin.

Maza, ku yi hattara. Duk wanda ya kashe kansa a waya don kuɗi, akwai masu jiran matarsa.