Miya Mai Santsi

Safiyar jarrabawa na ɗora miyar ganyen teku da gangan. A garinmu Busan, a Koriya, ko yaro ya san camfin cewa santsinta na kayar da ɗalibi.

"Mama, yau kuma?" in ji 'yata.

Na ce, "Na gaji da jami'ar nan ta intanet, da furfurata ina gyangyaɗi gaban allo. Malamin kuwa, sa'anki, kullum sai ya bugo waya yana lallashina, kunyarsa ta hana ni gudu. Gara in faɗi, a ce miya ce."

Kwano biyu na sha.

Da sakamako ya fito, malamin ya bugo: "Barka, Mama, kin ci. Sai zango na biyu."

Na harari tukunyar. Ko faɗuwar ma ban iya ba.