Ɗan Koyo Mai Furfura

Motar ta yi tsalle kamar akuya, ta yi tari, ta mutu a tsakiyar shataletale. Nan take hon ya kaure ta ko'ina.

"Baba, kuloci! A hankali ake sakinsa, ba kamar ka taka garwashi ba!"

"Afuwan, Malam," in ji tsohon, yana murmushi kamar ba shi ya tare hanya ba.

Malamin tuƙin ya dafe kai. Ya koyar da matsorata, ya koyar da masu rawar kai, har da wata baiwar Allah da ke runtse ido in ta hango babbar mota. Duk sun karɓi lasisi sun kama gabansu. Amma wannan tsoho ya gagare shi. Wata na uku ke nan, jiya i yau.

Tun ranar farko tsohon ya faɗi abin da ke tafe da shi. Likita ya ce zuciyarsa ta gaji, shi kuwa ya ƙudura sai ya yi abubuwan da bai taɓa yi ba kafin ta tsaya. Ya shiga jirgin ruwa, ya yi ta amai har aka sauka. Ya je gidan namun daji don ya ga zaki, ya tarar da shi yana barci ya juya wa jama'a baya. Ya gwada ninƙaya, ya sha ruwa ya ƙoshi. "Saura abu ɗaya, Malam," ya ce, "shi ya kawo ni nan." Akwai malamai da yawa a makarantar, amma ya kafe sai wannan.

Abin haushin, tsohon ba daƙiƙi ba ne. Hannunsa kan sami giya ba tare da ya duba ba, sannan ya zura ta inda bai kamata ba. Wata rana ya karkata kunne ya ce fanbel ɗin injin ya kusa tsinkewa, washegari kuwa ya tsinke. Ya ce dace ne kawai.

Ga surutu. Maimakon ya kalli hanya, sai ya kalli malamin. Ka yi aure? Me ka fi son ci? Kana yawan ciwon kai? Wa ya koya maka tuƙi?

"Ba kowa. A gidan kawuna na tashi, a garejinsa na koya. Baba, don Allah kalli gabanka!"

Sau biyu ana kai shi gwaji, sau biyu yana faɗuwa. A na biyun ma sai da jami'in gwaji ya buɗe ƙofa ya fita da ƙafarsa.

Daga nan mai makarantar ya kira malamin ofis. Ya ce gari ya ɗauka makarantarsa na riƙe tsofaffi tana tatsarsu, sababbin ɗalibai sun fara komawa wani wuri. Ranar Alhamis za a sake gwaji. In tsohon ya faɗi, malamin ya ajiye makulli ya nemi wani aikin. Malamin ya fito gumi na karyo masa, don matarsa na da tsohon ciki, aiki kuma ba a tsintarsa a titi.

Ranar Laraba tsohon ya yi ribas, ya murƙushe robobin da aka jera a fili, ya kusa haɗawa da katanga. A nan haƙurin malamin ya ƙare.

"Wai ni me na yi maka ne, Baba? Kai wasa kake yi, ni abincin iyalina ne! Gobe in ka faɗi, korata za a yi. Ka ji daɗi?"

Murmushin ya ɓace daga fuskar tsohon. Ya juyo ya dube shi.

"Da gaske kake, Malam?"

"Na yi kama da mai wasa?"

"In na ci kuma, shi ke nan? Ba sauran darasi?"

"Ba saura, alhamdu lillahi!"

Tsohon ya sunkuyar da kai.

Washegari malamin ya tsaya a bakin filin gwaji. Tsohon ya zauna, ya gyara madubi, ya tayar da mota. Ba tsalle, ba tari. Ya bi ta tsakanin robobin kamar zare a allura. Ya tsaya a kan gangare ya tashi, motar ba ta ja baya ko taku ɗaya ba. Ya yi ribas da tafin hannu ɗaya, ya ajiye ta daidai cikin layi. Jami'in gwajin ya fito yana girgiza kai, ya ce shi kansa bai iya haka ba.

Ya kamata malamin ya yi murna, aikinsa ya tsira. Amma ransa ne ya ɓaci, ya nufi bakin tagar motar.

"Wata uku kana raina mini hankali! Ashe ka iya?"

"Shekara arba'in ina jan tirela."

"To me ka zo nema? Ka ce saura abu ɗaya da ba ka taɓa yi ba!"

Tsohon ya zare makullin, ya miƙa masa.

"Ban yi maka ƙarya ba. Ina kan hanya aka haife ka, ban kuma dawo ba. Tun da nake ban taɓa zama kusa da ɗana ba, sai a cikin motar nan."