Kifin Maigida

Da aka buɗe akushin wani magidanci a wurin ciyayya, maza suka fashe da dariya. Tuwon dawa ne da miyar zogale, ko ƙayar kifi babu.

"Kai, akuya ka koma?" in ji babban wansa. "Gobe ka taho da kihi, ko ka ci naka cikin gida da mata."

Wata biyu ke nan da wata malamar asibiti ta kwana uku a Bagudo, a shekarar mulkin kai. Ta tara maza a kasuwa, ta ce mai ciki ta fi maigida bukatar kifi. Kowa ya watse yana tsaki, ban da shi, shi da ya binne jarirai biyu tun ba a yi suna ba. Daga ranar, duk kifin da ya sayo wurin masuntan Dahome matarsa mai ciki yake tura wa, shi ya haɗiyi ganye da gori.

Ya ɗauki akushinsa ya shige gida. Matar tana zaune, ƙafafu a kumbure, idanu fari fat.

"Ke, kihin ga kina ci kuwa?"

Ta sunkuyar da kai, ta jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gado. Cike take da kyafaffen kifi, ko ɗaya ba a gutsura ba.

"Rabonka ne, maigida," ta ce a hankali. "Na aza gwada ni kaka yi."