Sirdin Keken Aro

Ina da shekara takwas maciji ya sari ƙanwata a ƙauyenmu, kusa da Roni. Magani sai asibitin Kazaure, mota kuwa sai ranar kasuwa. Maƙwabcinmu, wani gajeren mutum, ya turo wa Baba kekensa bayan azahar.

Maimakon ya hau, sai Baba ya durƙusa da sufana a hannu.

Inna ta ce cikin kuka, "Malam, don Allah ka tafi!"

Ya ɗaga sirdi, ya taka feda da dunduniya har ƙafarsa ta miƙe. Ya ƙara wa tayoyi iska, ya shafa wa kaca man gyaɗa, ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙo mini.

Ya ce, "In na tuƙa da gwiwa a lanƙwashe, tudun farko zai gama da ni."

Na rungume rigar, baki buɗe, ina kallon yadda ya haye tudun kamar iska ke tura shi. Kafin magariba ya dawo da malamin asibiti a bayansa.

Yau ƙanwata har da jikoki. Ni kuwa har yanzu ina mamakin hannun nan da bai yi rawa a kan sufana ba.