Shirun Dokta Sutarman

"Taifot ne!" Galih ya buga tebur.

"Taifot ɗin gidanku! Ina ka baro jinin da ke zuba a dasashinta?" in ji Sekar, shugabar rukuninsu na ɗaliban likitanci. In suka kasa gano cutar yarinyar da ke cikin darasin yau, makin Sekar ya tafi.

Ta saci kallon malaminsu, Dokta Sutarman. Kowa ya san ƙa'idar ajin: ɗalibai ke warware matsala, malami na sa ido. Tun ɗazu bai ce uffan ba, sai wani murmushi a gefen baki guda.

"Dariya yake mana," Galih ya raɗa mata. "Rabu da shi, gwada mu yake."

Suka ci gaba da musu, har kofin shayin malamin ya suɓuce ya fashe. Ko motsi bai yi ba.

Sekar ta miƙe ta matsa kusa da shi. "Dokta, don Allah ɗaga hannuwanka biyu."

Na hagu kaɗai ya tashi. Hawaye na bin kuncinsa.

Ashe ba murmushi ba ne, ɓarin jikinsa ne ya shanye. Tun ɗazu yake ƙoƙarin kiransu.